Cusasshen ƙwai a farantin walima, da haƙƙin baƙon da ba ya shan sukari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya kuma hore mana ni'imar ci da sha. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Mai yiwuwa waɗansu za su yi mamakin ganin filin da ya saba magana a kan tarbiyya da zamantakewar aure ya shiga madafi yau, har yana ƙidayar ƙwai da cokali. Muna roƙon a yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin abin da ya kai mu madafin ya faro ne daga ƙofar masallaci.

Kowa ya san yadda ranakun Asabar da Lahadi suke a Larle da unguwannin da ke kewaye da ita. Da an sallame sallar Asuba sai a fara da suna, da hantsi a wuce ɗaurin aure, bayan Azahar ga walimar saukar Alƙur'ani ko sadakar arba'in. Tun da aikin ZACA ya tashi Zanguwetan a shekarar 2003, 'yan'uwa suka warwatsu cikin Wagadugu, waɗannan tarurruka ne suka rage mana wurin ganin juna, shi ya sa ba mai son a rasa shi a cikinsu. A kowane gida kuwa abin da ake tarbar baƙo da shi kusan iri ɗaya ne: zom-kom irin na maƙwabtanmu Mosawa, ko ruwan zoɓo da muke kira bisap, ko ruwan citta, ko lemon kwalba, sai masa da fanke da cincin da burodi, sai dafa-duka ta biyo baya, a hanyar fita kuma a danƙa maka dabino da alewa. Duk abinci ne na halal mai daɗi, ba mu kushe ko ɗaya ba. Amma idan aka duba da idon basira, daga kofin farko har zuwa ƙunshin ƙarshe, sukari ne da sitaci.

Mahaifinmu liman ne, saboda haka babu goron gayyata da ke wuce ƙofarsa. Shekarun baya likita ya tabbatar masa da ciwon sukari, ya ɗora shi a kan magani, ya kuma yi masa iyaka a kan zaƙi. A gida Inna ta tsare wannan iyaka da kyau. Matsalar tana waje. Wata Asabar ya raɗa suna a gida uku, ya ɗaura aure ɗaya, a kowane gida kuma maigida yakan durƙusa gabansa da kofi a hannu yana cewa, "Allah gafarta Malam, ko kurɓi ɗaya ne a yi mana, don albarka." Ya ce, "Alhaji, na ƙoshi, Allah ya yi albarka." A ce, "Haba Malam, ai ruwa ne kawai." Wa zai iya mayar da hannun mutumin da aka yi wa haihuwa yana cikin farin ciki? Kurɓi ɗaya a gida huɗu, da loma ɗaya a gida huɗu, sai ga shi da Magariba yana fama da ƙishirwa da jiri, idonsa na gani dishi-dishi, har wani ya ja sallar a madadinsa. Da aka auna jininsa a wurin shan magani, ma'aunin ya haura giram 3 a lita, alhali wanda ya wayi gari bai ci komai ba, idan an maimaita awo ana samun giram 1.26 ko fiye, likitoci sun riga sun sa shi cikin masu ciwon. Kwana biyu muka yi a asibiti. Babu ko ɗaya daga cikin masu gidajen nan da ya nufe shi da sharri. Ƙauna ce da girmamawa suka kwantar da shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Binciken STEPS da hukumomin lafiya na Burkina Faso suka gudanar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2013 ya nuna kashi 4.9 cikin 100 na manya suna da ciwon sukari, da aka sake binciken a 2021 kuma adadin ya kai kashi 7.6. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su ma san suna da shi ba. Ke nan idan mutum 100 suka taru a ƙofar gidanka ranar suna, da wuya a ce babu mutum biyar ko bakwai a cikinsu da kofin bisap ɗinka zai cutar. Galibi kuma su ne dattawan da aka shimfiɗa wa darduma a sahun gaba, waɗanda ake fara miƙa wa faranti.

Ga ɗan lissafi don a ga girman abin. Lemon kwalba irin na kola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato kamar ƙwayar sukari 7 idan kowace tana da giram 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babba zai ƙara a abincinsa da abin shansa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, idan ya tsaya a giram 25 ma ya fi. Wannan ga mai lafiya ke nan. Dafaffiyar farar shinkafa kuwa, kowane giram 100 nata yana da sitaci wajen giram 28, burodin bagat kuma kusan rabin nauyinsa sitaci ne, kuma sitaci idan ya shiga ciki sukari yake komawa. Shi kuwa ƙwan kaza babba guda ɗaya, mai nauyin giram 50, abin da ke cikinsa na dangin sukari da sitaci bai kai giram 1 ba, yana kuma da sinadarin gina jiki wajen giram 6 da maiƙo wajen giram 5. Wannan ne ya sa masu neman abinci mai ƙarancin sitaci da sukari, abin da likitocinmu ke kira glucides da Faransanci, suka riƙe ƙwai da hannu biyu.

Abin da shari'a ta ce

Amsa gayyata yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ya tabbata a hadisan Buhari da Muslim, haka nan girmama baƙo an haɗa shi da imani da Allah da ranar Lahira. Amma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zauren malaminsa, zai tuna cewa a babin ci da sha malamin ya wajabta amsa kiran walimar aure matuƙar babu abin ƙi a wurin, sannan ya bar wa wanda aka gayyata zaɓi a kan cin abincin, in ya so ya ci, in ya so ya bari. A babin nan ne kuma ya kawo ladabin kasa ciki gida uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Ashe shari'a ta ba baƙo zaɓi, al'adarmu ta kunya da naci ce ta ƙwace masa shi.

Ta ɓangaren maigida kuma, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Suratu Hud da Suratuz Zariyat, yadda ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi, ya matso musu da shi kusa, ya kuma yi musu tayi da lafazi mai taushi. Malaman tafsiri sun ciro ladubban liyafa da dama daga wannan ƙissa. Abin da muka fahimta shi ne, girmama baƙo yana cika ne idan aka ajiye masa abin da zai iya miƙa hannu ya ci hankalinsa kwance. Dattijon da ya zauna awa biyu a gidanka yana juya goro a hannu, jama'a na ci yana kallo, ko wanda ya ci don kunya ya je gida ya kwanta, dukansu biyu ba a ba su haƙƙinsu ba.

Bayan mun dawo daga asibiti, iyali suka zauna shawara. Wani ya ce a riƙa dafa wa Malam nasa daban a kai masa a kwano rufe. Shi da kansa ya ƙi, ya ce ba ya son a mayar da shi majinyaci a idon jama'a, kuma akwai dattawa da yawa masu irin lalurarsa da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Ƙanwarmu, wadda ta koyi girki a wata cibiyar koyon sana'a, ita ce ta kawo mafita. Ta ce a sa wani abu a cikin farantin kowa da kowa, wanda yaro zai yi marmari, mai lafiya zai ji daɗi, mai ciwon sukari kuma zai ci ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Abin da ta kawo shi ne cusasshen ƙwai.

Sunansa da asalinsa

Masu karanta shafukanmu na Faransanci sun san shi da œufs mimosa, saboda gwaiduwar da ake barbaɗawa a kansa tana kama da furen itacen mimosa mai ruwan ɗorawa. Turawan Ingila da Amurka kuwa suna kiransa da wani suna mai ma'anar ƙwan shaiɗan, kuma wata baiwar Allah da ta ga sunan a intanet ta tambaye mu ko ya halatta a ci. Asalin lafazin shi ne, tun wajen shekarar 1786 masu girkin Ingila suke jingina duk abinci mai yaji da zafi ga shaiɗan, don kwatanta zafinsa da na wuta. Ko a Amurka akwai masu ibada cikin Kiristoci da suke ƙyamar sunan, suna kiransa da wani daban a tarukan majami'unsu. Hukuncin abinci yana bin abin da aka haɗa shi da shi, kuma babu abin da ya tilasta mana aron mummunan suna. Mu a gidanmu cusasshen ƙwai muke cewa.

Abin da ya ƙara faranta mana rai shi ne, girkin yana da tsohon tarihi a gidajen Musulmi. Akwai wani littafin girke-girke na Larabci da aka rubuta a ƙarni na 13 na Miladiyya, zamanin daular Muwahhiduna a Magrib da Andalus, wanda ba a san sunan mawallafinsa ba. A cikinsa an bayyana yadda ake dafa ƙwai, a raba shi biyu, a cire gwaiduwa a kirɓa ta da ganyen kusbara da ruwan albasa da masoro da mai da gishiri, a mayar cikin farin, a haɗe ɓarin biyu da ɗan tsinke. Mayonez daga baya ya shigo cikin girkin. Saboda haka uwargidan da ta jera wannan ƙwai a faranti, ta san cewa matan Ƙurɗuba da Ishbiliya sun riga ta da shekaru ɗari bakwai da ɗoriya.

Yadda ake yinsa

Ga abin da ake buƙata don ƙwai 12, wanda zai ba da ɓari 24: kindirmo marar sukari ko mayonez, babban cokali 5 zuwa 6, mutardi, ƙaramin cokali 2, ruwan rabin lemon tsami, gishiri kaɗan, masoro ko garin barkono, da lawashi ko ganyen fasili yankakke ƙanana. Wadda ta zaɓi kindirmo sai ta ƙara man gyaɗa babban cokali 1, don ciko ya yi santsi. Don babban taro, filaket ɗaya mai ƙwai 30 yana ba da ɓari 60.

Da farko a gwada ƙwan a cikin kwanon ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya nutse ya miƙe tsaye ya ɗan kwana biyu amma yana da kyau, wanda ya taso sama a zubar da shi. Dalili shi ne, akwai ɗan gurbin iska a gindin ƙwai wanda yake ƙara girma yayin da ƙwan ke tsufa. Wannan gwaji ya fi zama dole da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwar Larle da Sankaryare, domin ana tsinto shi ne daga ƙauyuka ba a san ranar da aka saka shi ba. Ƙwan zabi ya fi na kaza ƙanƙanta, ɓawonsa ya fi tauri, gwaiduwarsa kuma tana da ɗanɗano, yana yin kyau ƙwarai a wannan girki. Sai dai a sani, ƙwan da aka saka jiya ko yau yana wahalar ɓarewa, farin yakan manne da ɓawo ya yayyage. Wanda ya yi kamar mako guda ya fi ba da haɗin kai.

A tafasa ruwa a tukunya mai faɗi, a zura ƙwan a hankali da ludayi, a rage wuta, a bar shi minti 11 zuwa 12. Ƙwan zabi minti 10 ya ishe shi. A duba agogo, kada a dogara da ƙiyasi. Idan ya wuce lokaci, za a ga wani kore-kore ya kewaye gwaiduwar, wanda ke fitowa daga haɗuwar sinadarin ƙarfe na gwaiduwa da farar wuta da ke cikin farin ƙwan. Ba ya cutarwa, amma yana ɓata kyan gani, yana kuma kawo ɗan wari. Da an sauke, a juye ƙwan cikin ruwan sanyi, in da hali mai ƙanƙara, a bar shi minti 10 zuwa 15. Sannan a ƙwanƙwasa shi ta gindi, a ɓare shi a cikin ruwa.

A wanke hannu da sabulu, a sami wuƙa mai kaifi marar zarto, a raba kowane ƙwai biyu ta tsawonsa, ana goge wuƙar bayan kowane yanka. A ciro gwaiduwar a zuba a kwano, a ware guda biyu a gefe. A murƙushe sauran da cokali mai yatsu har ta zama gari, kafin a zuba komai a kanta, domin idan aka fara zuba kindirmo sai ta yi gudaji. Daga nan a zuba kindirmon ko mayonez ɗin kaɗan-kaɗan ana juyawa, a sa mutardi da lemon tsami da gishiri da masoro, a ɗanɗana. Ciko mai kyau shi ne wanda zai tsaya a kan cokali bai zuba ba. Idan kindirmon yana da ruwa, a tsane shi tun da dare a ƙyalle mai tsabta cikin firigo. A ɗebi cikon da ƙaramin cokali a mayar cikin ramin farin, ya ɗan yi tozo. Gwaiduwa biyun da aka ware a murza su ta rariya a kan farantin, a barbaɗa lawashi. Don kada ɓarin ya riƙa gangarawa, a ɗan shafce ƙasansa da wuƙa, ko a ɗora kowanne a kan yankan kokwamba. Lambunan Bulmiyugu da Lumbila ba sa barin garin nan ya rasa kokwamba da salak da tumatir, kuma dukansu sitacinsu kaɗan ne.

Ana iya sarrafa shi ta hanyoyi da dama da kayan da ke kasuwarmu. Wanda ya fi karɓuwa a wurin maza shi ne wanda aka barbaɗa wa yajin tsire mai ƙuliƙuli. Akwai mai kifin gwangwani, a tsane man a murƙushe kifin cikin gwaiduwa. Akwai mai fiya, wadda ake kira avoka, a maimakon mayonez, amma a ƙara masa lemon tsami kuma a yi shi daf da ci, don fiya tana saurin yin baƙi. Inna kuwa takan sa ɗan garin daddawa a bakin cokali, sai ƙwan ya fito da ƙamshin miyar gida. Ta kowace hanya aka bi, ɓari biyu da cikonsu ba su wuce giram 1 zuwa 2 na sukari da sitaci ba. A kwatanta da giram 35 na kwalbar lemo guda.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, a karanta rubutun jikin kwalba. Waɗansu nau'o'in mutardi na Dijon ana haɗa su da farar giya, za a ga an rubuta vin blanc a jerin kayan haɗin, to a guje su. Mayonez ɗin da aka rubuta wa allégée, wato wanda aka rage wa mai, sau da yawa da sitaci da sukari ake cike gurbin man. Yawur na leda da ake sayarwa a shaguna kuwa galibinsa da sukari, ba ya maye gurbin kindirmo.

Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci a garinmu, shi ne zafi. Dafaffen ƙwai da aka ɓare aka cakuɗa wuri ne da ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kawai. A watannin Maris da Afrilu Wagadugu tana haura digiri 40, ga ɗaukewar wutar lantarki. Don haka kada a haɗa mayonez na gida da ɗanyen ƙwai don taro, saboda ƙwayar salmonela. A dafa ƙwan tun jiya a ajiye shi da ɓawonsa a firigo, a haɗa cikon da safe, a sa farin daban cikon daban a kular ƙanƙara, a riƙa cusawa faranti-faranti gwargwadon zuwan baƙi. Wanda ya yi saura a rana a zubar da shi, kada a ce za a ba almajirai ko yara. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, bai zama sadaka ba. Sunan safe ya fi dacewa da wannan girki a kan walimar tsakar rana.

Na uku, ƙwai abinci ne, ba ya warkar da ciwon sukari, ba ya kuma maye gurbin magani. Gwaiduwa ɗaya tana da kolestarol wajen miligiram 186, saboda haka mai ciwon zuciya ko na ƙoda ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Wanda yake yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, kada ya ce zai yini a kan ƙwai kaɗai ya bar tuwo gaba ɗaya, domin sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa, wannan kuwa haɗari ne na gaggawa. Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya karɓar ƙwai ko gyaɗa, a tambayi iyayensu. Amma camfin da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ko mai ciki kada ta ci, ba shi da tushe a addini ko a likitanci, ya hana 'ya'yanmu abinci mai gina jiki shekara da shekaru.

Mun san za a ce ƙwai yana da tsada. Gaskiya ne, ba ma cewa a ciyar da unguwa duka da shi. Amma maigidan da ya iya sayen akwatin lemo biyar, zai iya sayen huɗu ya sa kuɗin na biyar a ƙwai. Kuma a haɗa da abu biyu da ba su da tsada ko kaɗan: a ɗebi bisap jug ɗaya a ajiye kafin a zuba sukari, a kuma wadata wurin da ruwan sanyi.

Ranar da aka yi sunan ɗan wanmu, ƙanwarmu ta jera cusasshen ƙwai a manyan faranti uku, aka fita da su tare da masa da fanke, ba a yi wa kowa bayani ba. Muna tsaye muna kallon sahun dattawa. Malam ya yi bisimilla ya ɗauki ɓari biyu. Wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda muka shekara goma muna ganin goro kaɗai yake karɓa a taro, muna zaton tsantseni ne, ya miƙa hannu ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya kuma tambaya ko bisap ɗin can na gefe da gaske ba shi da sukari. Ranar muka san shi ma yana da lalurar. Da jama'a suka watse, Malam ya kira ƙanwarmu ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Yau na ci walima ban ji tsoro ba."

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata da ƙannenmu masu riƙe da madafi, da magidanta masu ba da kuɗin cefane, da kwamitin mata na ƙungiya: duk taron da za a yi, a sa faranti ɗaya marar sukari da sitaci a cikin lissafi tun farko, ko cusasshen ƙwai, ko gasasshen nama, ko kifi da ganye. Idan baƙo ya ce ya ƙoshi, a karɓi maganarsa a yi masa addu'a. Wanda kuma ya haura shekara 40 bai taɓa auna sukarinsa ba, ya je ya auna, ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta isa ta zama abin tuni. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ja kwanan iyayenmu cikin imani, ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke ciyarwa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.